Injiniya Inuwa Ya Auno Gonar Gado

A Rafin Ɗinya, wani ƙauye da ke bakin kogi in ka bar Haɗeja ka nufi Guri, akwai wani bawan Allah mai suna Inuwa, wanda tun da ya iya magana ba a taɓa jin ya ce bai san abu ba. In ana hirar ciwon shanu, ya taɓa zama da likitansu. In jirgin sama ya gifta, sai ya ɗaga kai ya yi tsaki, ya ce matuƙin sabon hannu ne. Tushen iliminsa kuwa shi ne wata shekara ya je cirani Kano, ya zauna a rumfar wani mai cajin waya a bakin tasha, aikinsa ya zare wannan ya soka waccan. Da ya dawo sai ya ce daga yau a riƙa kiransa Injiniya. Mutanen gari suka karɓa hannu bibbiyu, don sunan yana musu daɗin faɗa, musamman in ya ba da baya.

Mahaifinsu ya rasu ya bar gona guda a fadama, tsakaninsa da yayarsa Bushira, wadda mijinta ya rasu ta dawo gari tana noma abin da za ta ciyar da 'ya'yanta. Malamai suka raba, kashi biyu nasa, ɗaya nata, aka dasa layin ciyawar jema a tsakani ya zama iyaka. Sai dai rabon Bushira ya faɗo ta gefen kogi, inda ƙasa take baƙa wuluk, da rani kuma ruwa yana kusa. Nasa ya fi faɗi, amma sai an ja mesa mai tsawo kafin ruwa ya kai. Wannan abu ya daɗe a maƙogwaron Inuwa, ya ƙi wucewa.

Ana nan, wata damina, aka yi shela a rediyo, mai gari Bulama Umara kuma ya maimaita a ƙofar gidansa, cewa za a daina tara takardun filaye a kabad inda gara ke ci ambaliya ke jiƙawa. Duk gona da fili za a shigar da su kwamfuta. Ma'aikata za su zo su auna in ruwa ya janye, amma wanda ya matsu, kuma yana da babbar waya, yana iya ɗauko kusurwoyin gonarsa da kansa ya kai a shigar.

A ranar, teburin mai shayi ya koma makaranta. Inuwa ya ɗora ƙafa ɗaya kan benci ya yi wa jama'a bayani. Ya ce zamanin da za a tara tsofaffi masu hakiya a ido su nuna iyaka da sanda ya wuce. Ya ce akwai wani tauraro a sama wanda ba ya barci, shi ke riƙe da gonar kowa, kuma ba shi da suruki balle ƙanin uba. Usaini, maƙwabcinsa na gona, ya tambaya ko tauraron ya san inda ya binne tushen rogonsa. Inuwa ya dube shi da tausayi, ya ce irin waɗannan tambayoyi su suka hana ƙauyen nan ci gaba.

Abin da bai faɗa a teburin ba shi ne dabarar da ta faɗo masa. Fadama a lokacin ta zama teku. Layin jema yana ƙarƙashin ruwa, ba mai zuwa gona, ba mai gani. In ya shiga jirgi yanzu ya auno, zai zagaye gonar gaba ɗaya, tasa da ta Bushira, ya ɗan lashi gefen ta Usaini. Kafin rani ya zo, komai ya shige kwamfuta da sunansa.

Washegari ya hau mota sai Haɗeja, shagon wani Shu'ibu da ke taimaka wa mutane da irin wannan aiki. Shu'ibu ya sa masa manhajar awon gona a waya, ya fara koya masa: za ka tsaya a kan kusurwar gona, ka jira lambobin nan su daina canzawa, sannan ka danna, kuma kada ka motsa daga wurin. Yana cikin bayani Inuwa ya karɓe wayar, ya ce irin wannan tun a Kano suka yi ta suka gaji. Shu'ibu ya ce amma ai fadamarku cike take yanzu. Inuwa ya ce tauraro yana gani har ƙarƙashin ruwa, yana mamakin mai shago guda bai san haka ba. Daga duk abin da aka faɗa masa, kalma uku ya fito da su a kansa: kada ka motsa.

Da ya koma gida ya ce bari ya gwada da gidansa tukuna. A tsakar gida lambobi suka ƙi tsayawa da wuri, sai ya yanke cewa nisa ne tsakaninsa da tauraro, gara ya ɗan matsa sama. Ya jingina tsani ya hau kan rumbu. Matarsa Sa'adiya ta ce masa jinkar ta bara waccan ce, ruwa ya cinye ta. Ya ce mata ta kula da tukunyarta. Bai rufe baki ba jinka ta burma, ya shige rumbu gaba ɗaya, ba abin da ake gani sai hannu ɗaya a miƙe yana riƙe da waya. Maƙwabta suka leƙo ta katanga. Sa'adiya ta tsaya a gindin rumbun da ludayi a hannu, ta ce tunda ya riga ya shiga, ya miƙo mata damin gero guda, ya hutar da ita hawa. Sai da aka nemo maza aka ciro shi ta hammata, yana fitowa yana cewa an samu abin da ake nema.

Ranar awo ya sa babbar riga da takalmi sau-ciki, ya ce aikin hukuma ba a yin sa da tsumma. Ya nemi Kolo, wani masunci ɗan asalin gabas, mai jirgi, wanda ba ya son doguwar magana amma yana son kallo. Kolo ya dubi rigar, ya dubi takalmin, ya ce bismillah.

Suka ratsa ta kan gonakin mutane, ruwa ko'ina, sai kawunan ciyawa da tsuntsaye. Abin da ya rage ana gane gonar gadon da shi shi ne wata bishiyar giyayya da ke kusurwarta ta yamma, rabinta a nutse. Suna isa Kolo ya kafa gwangwalar tuƙinsa a ƙasa ya riƙe jirgin. Amma jirgi a kan ruwa ba ya rasa ɗan lilo, lambobi suka yi ta rawa. Inuwa ya ce hannun Kolo ne ke karkarwa. Ya umarce shi ya zare gwangwalar, ya shimfiɗe ta a jirgi, ya naɗe hannu, kada ya taɓa komai.

Kolo ya ce, "Injiniya, ruwan nan fa tafiya yake."

Inuwa ya ce, "Ruwan ne ke tafiya, Malam Kolo, ba mu ba. Ka ga na motsa?"

Kolo ya ce gaskiya bai ga ya motsa ba. Ya zare gwangwala ya naɗe hannu.

Rana ta haske fuskar wayar, ba a ganin rubutu. Inuwa ya jawo babbar rigarsa ya lulluɓe kai da ita, ya duƙufa a ciki kamar mai turaren mura. Jirgi ya sulale a hankali ya bar giyayya, ya bar gonar, ya bar ta Usaini, ya kama hanyar da ruwa ya ga dama. Daga cikin riga Inuwa yana ta faɗa, lambobi sun ƙi tsayawa, wai Kolo yana numfashi da ƙarfi. Kolo ya ce zai rage. Can jirgin ya kutsa cikin kacala, ciyawar nan mai tsayi da ta cinye bakin kogi, ya maƙale. Lambobi suka tsaya cak. Inuwa ya danna, ya yaye riga, ya ce ka gani, aiki sai da haƙuri.

Ya waiga bai ga giyayya ba, ya tambayi Kolo ina take. Kolo ya ce kacala ce ta tare ta, wanda kuma ba ƙarya ya yi ba, don akwai kacala mai yawa tsakaninsu da ita. Inuwa ya miƙa hannu ya nuna gabas, ya ce a kai shi kusurwa ta biyu, kuma a ɗan zarce, kada a yi wa gona ƙwauro.

A ta biyu haka aka sake yi. Aka naɗe hannu, aka lulluɓe kai, ruwa ya ɗauke su. Wannan karon igiyar ƙugiyoyin wani masunci ce ta tsayar da jirgin, ƙugiya ɗaya ta kama gefen babbar riga da ke ja a ruwa. Ya danna. Wajen ɓalle rigar ya bar wa mai igiyar hannun riga kusan rabi, da ɗan fatar yatsa. Wasu mata da ke wucewa a jirgi da itace suka yi musu sannu da aiki, ɗaya ta tambayi Kolo ko mara lafiya ya ɗauko zai kai asibiti. Kolo ya ce a'a, awo ake yi.

A ta uku jirgin ya daki gaɓa. Inuwa ya danna, ya leƙo, ya ga tudu da 'yan bishiyoyi. Zuciyarsa ta yi fari, don ya ɗauka tudun nan ne da ke ƙarshen gonar Usaini, wato ba gefe kawai ya lasa ba, ya haɗiye ta duka. Ya tambayi Kolo, a kaikaice, ko ya gane wurin. Kolo ya ce ya gane sarai, kuma duk wanda ya samu wuri a nan ba ya sake tashi. Inuwa ya ji daɗin amsar.

Ta huɗu ce ta zo da gardama. Babu kacala, babu igiya, babu gaɓa, jirgi sai tafiya yake, lambobi sai gudu. Inuwa ya gaji, ya ce laifin jirgin ne, zai sauka ya tsaya da ƙafarsa, ai nan gonar ubansa ce, ya san ruwan bai wuce gwiwa ba. Kolo ya buɗe baki, Inuwa ya ɗaga masa hannu. Ya zura ƙafa ya saki jiki. Abin da Kolo ya gani daga nan sai hula tana yawo da hannu guda a sama riƙe da waya, babban yatsa yana dannawa. Da ƙyar ya jawo shi da gwangwala. Ya fito ba takalmi ko ɗaya, matsattsaku sun yi masa layi a ƙwauri. Da ya gama amayar da ruwa, abin da ya fara cewa shi ne ambaliyar bana ta yi wa gonar rami, sai an yi ciko.

Ya koma Haɗeja da wayar. Shu'ibu ya ce bari ya buɗe taswira su duba tare kafin a aika. Inuwa ya waiga ya ga wasu 'yan ƙauyensu a shagon, ya tsorata kada asiri ya tonu tun yanzu. Ya dafe allon da tafin hannu, ya ce aikin da injiniya ya yi ba ya bukatar duba, a aika kawai. Shu'ibu ya ɗaga kafaɗa ya aika.

Daga ranar tafiyar Inuwa ta canza. Ya riƙa yi wa Usaini sallama da wata irin murya ta tausayi. Ya aika wa Bushira cewa kada ta wahalar da kanta da neman irin alkama bana. Ta yafa mayafi ta zo ta same shi a zaure, ta tambaye shi me yake nufi. Ya ce shi bai ce komai ba, kwamfuta ce za ta yi magana. Ta ce ita ta goya shi a bayanta yana zawo, ta san duk lokacin da zai yi ɓarna, hancinsa ke buɗewa, kuma ga shi a buɗe. Ta fita ta bar shi yana taɓa hanci. Amma hankalinta bai kwanta ba, don Kolo bai gaya wa kowa komai ba. In an tambaye shi sai ya ce shi tuƙi kawai ya yi, wani wurin ma bai yi ba.

Da ruwa ya fara janyewa ma'aikatan suka iso, shugabansu wani Malam Abdulwahid. Aka tara gari a ajin firamare, aka rufe tagogi, aka tada janareta, aka haska majigi a bango. Malam Abdulwahid ya yi bayani cewa waɗanda suka riga suka kawo awo za a nuna nasu a kan hoton fadama da aka ɗauka daga sama da rani, in maƙwabci yana da ja ya faɗa a nan. A Rafin Ɗinya kuwa mutum ɗaya ne ya kawo.

Kafin a danna komai Inuwa ya miƙe. Ya gaida Bulama, ya gaida Liman, ya ce yana roƙon arziki guda: abin da na'ura ta nuna a yarda da shi, kada a zo ana kawo zancen jema da su wane ya ce. Ya ce shi dai a gaban kowa ya amince, abin da jan layi ya zagaye shi ne rabonsa a gadon ubansa, ba ƙari ba ragi.

Bushira ta yi magana daga bayan aji, inda mata suke. Ta riga ta zaci gonarta ta tafi.

"To, autan Iya, abin da ya rage a wajen layin naka fa?"

Inuwa ya yi murmushi, don a lissafinsa abin da ya rage bai isa a shanya barkono ba.

"Na bar miki, Yaya. Kyauta, duniya da lahira. Malam Liman, a shaida."

Liman ya tambaye shi ko ya fahimci abin da ya faɗa. Ya ce da ilimi yake magana. Liman ya ce to ya shaida, Bulama ya ce shi ma, jama'a suka amsa.

Aka haska. Ga fadamar Rafin Ɗinya a bango tamkar an shimfiɗa tabarma, gona-gona, har layin jema ana gani siriri. Mutane suka fara nuna nasu da yatsa. Ga giyayya, ga gonar gado, ba ko ɗigon ja a kanta. Malam Abdulwahid ya ja hoton gefe yana neman layin, ya ƙara ja, ya ƙara. Sai ga shi: wani dogon abu karkatacce, kwance a tsakiyar kogi kamar an yar da igiyar guga. Kusurwa ɗaya a cikin kacala, biyu a tsakiyar ruwa inda ko da rani ba a taka ƙasa, ɗaya kuma ta haura gaɓar tsallake ta shiga tsohuwar maƙabartar ƙauyen da ke can.

Jama'a suka zuba wa bango ido. Sai wata tsohuwa ta ce a ɗan ƙara haske, ita ba ta ga gonar ba, ruwa kawai take gani. Aka ce mata ai ita ce. Daga nan ba wanda ya iya riƙe kansa. Har Bulama sai da ya ja rawani ya rufe baki, kafaɗunsa suna rawa.

Malam Abdulwahid, da yake mutum ne mai bin ƙa'ida, ya tambaya ko akwai maƙwabcin da ke da ja. Usaini ya miƙe ya ce shi ba shi da ja ko kaɗan, tun yana yaro ya san wurin nan na Injiniya ne. Wani ya ce a tambayi kada, shi ne maƙwabci na kusa. Wani kuma ya ce a yaba masa, ya yi tanadi, ga abin sha ga makwanci.

Inuwa ya ce na'urar ta samu matsala, ya san irin wannan, zafi ne ya yi mata yawa. Ya nufi kwamfutar zai gyara, ma'aikata biyu suka tare shi. Ya juya kan Kolo, ya ce shi ya karkatar da jirgi. Kolo ya ce hannunsa a naɗe yake, Injiniya shaida ne. Ya koma kan Malam Abdulwahid ya rage murya, ya ce ranka ya daɗe, ai ana iya gogewa. Malam Abdulwahid ya ce gogewa ba wuya, yanzu ma zai goge, don ba a ba mutum takardar mallakar kogi. Amma kyautar da aka yi ɗazu ba a kwamfutarsa take ba, wannan sai a tambayi Liman.

Liman ya ce shi kam ya tambaya kafin ya shaida. Kyauta ta fita a gaban jama'a, sai in wadda aka ba ta ce ba ta karɓa ba.

Duk aji ya waiga baya. Inuwa ya ratsa benci-benci har gaban yayarsa, ya durƙusa, hula a hannu.

"Yaya, kin san wasa nake."

"Na sani. Da layin ya zagaye tawa, wa zai ce wasa ne?"

Ta gyara mayafi ta ce ta karɓa, kuma ta gode, Allah ya ƙara buɗi. Ta ce wa Malam Abdulwahid in sun fita awo a fara da tata, daga giyayya har bakin ruwa. Sannan ta dubi ƙaninta ta ce ita ba za ta bar Sa'adiya da yara da yunwa ba. Gona ta yi mata faɗi yanzu, tana bukatar mai ban ruwa, kuma ba ta ga wanda ya fi cancanta ba sai wanda ya san kogin ciki da bai. In an yi girbi za ta auna masa abin da zai ci, da kwano, a gabanta.

Haka ranin ya kama. Wanda duk ya bi ta fadamar Rafin Ɗinya zai ga Injiniya da gajeren wando, laka har cinya, yana jan mesa daga fangali zuwa fangali a gonar Bushira. Masu jirgi in sun zo daidai wurin sukan rage tuƙi su yi sallama, su nemi izinin ratsawa ta gonarsa. Ran nan Kolo ya tsaya ya tambaye shi yaya amfanin bana. Inuwa ya miƙe, ya share laka daga fuska, ya dubi kogin daga wannan gaɓa zuwa waccan.

"Ku yi ta dariya. Duk ƙasar Haɗeja, nuna mini wanda ya taɓa mallakar gonar da ba ta bukatar ban ruwa."

Daga ƙarƙashin giyayya Bushira ta ɗaga murya ta ce fangalin gabas ya bushe. Ya sunkuya ya ɗauki mesa.